Madubi Biyu a Bakin Tafki

Da rana tsaka, duk madubin hangen nesa ɗaya ne. Mai shagon sayar da su ya sha faɗa wa masu saye: in kana son sanin wanda ya fi jan haske, jira rana ta faɗi. Shi ya sa da surukinsa, tsoho mai ciwon gwiwa, ya nemi na duba gona, mai shagon ya ɗauke shi a mota zuwa bakin tafki gab da magariba, da madubi biyu a jaka. Neman burgewa ne kawai, irin na mai son a ce 'yar gidan ta yi dacen miji.

Wurin yana warin laka da ruɓaɓɓen ganye. Kwaɗi sun cika ko'ina da kuka.

"Baba, fara da ƙaramin. Dubi bishiyar can ta tsallake."

"Duhu kawai nake gani," in ji tsohon.

"Yawwa. Bari in saita maka babban."

Mai shagon ya ɗora shi a idonsa. Kamar an kunna fitila: rassa, ganye, har tsagar jikin bishiyar. Da wani mutum tsaye a gindinta, dogo, kansa yana taɓa reshe.

Ya karɓi ƙaramin. Ba kowa. Ya koma babban.

Mutumin yana tsakiyar tafkin, ruwan ko motsi bai yi ba.

Kwaɗin suka yi tsit.

Ya sauke, duhu. Ya ɗaga.

Fuska ta cika gilashin, idanunta cikin nasa.

Bai san lokacin da ya faɗa mota ba. Sai da ya ga fitilun titi ya lura kujerar gefensa ba kowa. Ya taka birki, amma ya kasa juyawa. Daga ƙarshe ya nufi gidan surukin don ya faɗi abin da ba ya faɗuwa.

A tabarma ya tarar da tsohon, yana wanke lakar ƙafarsa. Kunya ta rufe shi, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Baba…"

"Zauna, ba komai," tsohon ya ce ƙasa-ƙasa. "An rako ni."

"Wa?"

"Dogon nan. Har ƙofa ya riƙo mini hannu. Ya ce su a wajensu ba a barin tsoho a hanya."

Tsohon bai taɓa faɗa wa 'yarsa ba. Har yau in mai shagon ya je gaisuwa, da fara'a yake amsa masa, ya sa masa albarka a gaban kowa. Da zaginsa ya yi, da ya fi sauƙi.