Kifayen Malam Labbo

Ƙarfe tara na safiyar Alhamis Malam Labbo ya shigo ofishin 'yan sanda na Isa riƙe da bokiti. Kifayen ado ne a ciki, jajaye, duk sun mutu. A bayansa wata Bafulatana ce, Sa'adiya, wadda ke kai masa nono kullum.

"Guba ta zuba musu, ranka ya daɗe," in ji shi. "Hussaini mai gyaran famfo ya gan ta a falona."

Sufeto Amiru ya dube ta.

"Wallahi yallaɓai iyakata zaure," ta ce. "Zancen ga ya riga ya kai kasuwa. Wa za ya ƙara sayen nono wurina?"

Sufeto ya sa ta zauna a benci, ya bi Malam Labbo gida.

Akwatin gilashin kifin yana falo, da ƙananan bututu masu juya ruwa. Sufeto ya sunkuya ya shaƙi ruwan. Wari ya buge shi kamar na sabon fenti.

"Yaushe aka taɓa bututun nan?"

"Yoyo yake. Da za ni Sakkwato ran Lahadi na kwashe kifin a baho, na bar wa Hussaini mabuɗi. Na ce ya liƙe da gam ran Litinin, ya bari ya kwana biyu ya bushe, kamar yadda mai sayar da kifin ya gargaɗe ni, wai ɗanyen gam guba ne ga kifi. Jiya da magariba na dawo na iske su sun birkice ciki sama."

Sufeto ya zare bututu guda, ya sa farce a mahaɗin. Gam ɗin ya loɓa, bai bushe ba.

Suka sami Hussaini a bakin tasha yana wanke babur.

"Yaushe ka yi aikin?"

"Ran Litinin, yallaɓai. Da hantsi."

"Daga ina ka taso?"

"Gida. Gatawa."

"Ita kuma yaushe ka gan ta?"

"Jiya, da na zo mayar da kifin. Tana tsaye da ƙullin leda."

"Ta yaya ta shiga, alhali mabuɗi na hannunka?"

Hussaini ya ci gaba da goge tayar da ta riga ta fita.

"Litinin da Talata ba babur ɗin da ya baro wajenku," in ji Sufeto. "An ga 'yan bindiga a hanya, ni na karɓi rahoton. Ko tashi sama ka yi?"

Tsumman gugar ya faɗi daga hannunsa.

"Jiya na zo," ya ce a hankali. "Na liƙe, na zuba ruwa nan take, na sa kifin. Tsoro nike la'asar ta iske ni ga hanya. Na aza gam ai gam ne."

"Tsoron hanya na gane shi. Matar fa?"

"Na ga ita ba ta da mai tsaya mata."

Kofur ɗin da ya rako Sufeto ya sa masa ankwa, aka wuce da shi.

A ofis Malam Labbo ya tsaya gaban Sa'adiya, ya kasa haɗa ido da ita.

"Ki yafe mini, baiwar Allah."

Ta ɗora ƙwaryarta a kai, ta gyara gammo.

"Nan mutum uku ne ka jin ka, Malam. Taho mu tai kasuwa, ka faɗa da ƙarfi."