Matattun Batura a Gonar Tambari

Ranar Talata ce, cikin bazara. Rana ta ƙwalle tun hantsi, babu iska ko kaɗan, ruwan dam ya ja baya har ana ganin kututturan itatuwan da ya cinye.

Mode ya bar Goronyo bayan la'asar. A bayan babur ya ɗaure ɗan janareta, da caja, da batir ɗaya mai rai, da galan biyu na sabon ruwan batir. Gyaran batir ne sana'arsa, shekara ashirin ke nan. Aikin bai dame shi ba. Wurin aikin ne bai so, wato gonar Tambari, ɗan wan babansa, can ƙasan dam ta hanyar Wurno.

Ba sa ga-maciji da juna. Lokacin da aka sake raba filayen noman rani, Tambari ya haɗa da kason uban Mode ya kewaye, ya ce haka takarda ta nuna. Tun daga nan sai gaisuwar jana'iza. To a makon nan ne Tambari ya tsaya a rumfar masu shayi, gaban mutane, ya ce yana da batir shida matattu, kuma ya ji ana cewa wai Mode na tayar da matattu, shi dai bai taɓa gani ba. Aka yi dariya. Mode ya tambayi ranar da zai zo kawai.

Baturan 'yan gwanjo ne, na ƙananan motocin nan marasa inji da manya ke hawa a filin ƙwallon sanda a Abuja. Manyan batura ne, masu nauyin tsiya, amma kowane wuta shida yake ɗauka, ba sha biyu irin na mota ba. Tambari ya haɗa su da sola don famfonsa ya ci gaba da jan ruwa safe da yamma. Yanzu duk sun mutu, albasa ta fara kwantawa.

Ya tarar da Tambari a bakin rumfar famfo, hannu a baya. Ba su yi musabaha ba.

Mode ya durƙusa ya buɗe marafan. Warin ruɓaɓɓen ƙwai ya taso. Ruwan ciki ya yi baƙi ƙirin, sai an zubar an ɗauraye kafin a zuba sabo. Ya tambayi inda ake zuba shara. Tambari ya nuna kusurwar gona da haɓa, inda wani tsohon suri yake tsaye, ya kusa kai tsayin mutum.

"Gindin wancan. Babu abin da ka tsira nan."

Gaskiya ne, ba a shuka komai a wurin ba. Hatta 'yar hanyar da ƙafa ta yi, da ta zo kusa da surin sai ta lanƙwasa ta kewaye shi. Mode ya gani, bai sa a ransa ba.

Tambari ya tsaya kallon cajar, ya tambaya cikin raini ko wannan 'yar akwatin ce ake ta kurantawa. Mode ya amsa a taƙaice. Ya ce na'urar tana da wayo, tana da maɓallin da ake juyawa a zaɓi yawan wuta, in ta cika batir kuma sai ta yanke da kanta. Aibinta ɗaya, ba ta ganin matacce. Sai an jingina masa mai rai, ta ga mai ran ta saki wuta, shi kuwa mataccen ya yi ta tsotsa daga jikin mai ran har ya farfaɗo.

"To ka yi ta jinginawa," in ji Tambari. Ya duba rana, ya ce zai yi salla a gari. Ya hau babur ya tafi da sauri, ko waiwaye bai yi ba.

Rana ta yi ja ta zauna kan ganuwar dam. Mode ya ɗauki batir na farko ya kai gindin surin. Ya tuna marigayiya innarsa, yadda take hana a watsa ruwan zafi a ƙasa da almuru ba tare da bisimilla ba, don masu ƙasa, wato aljanu, kan fito da 'ya'yansu a wannan lokaci. Ya taɓa jikin batirin. Sanyi ƙalau. Ya ce a ransa ai ruwan zafi aka hana.

Ya tuntsura shi.

Ƙasa ta yi cuuu, ta yi kumfa, ta shanye. Ya kawo na biyu, da na uku. A na huɗu ne ya ji kamar an yi ɗan ƙara daga cikin ramin surin, siriri, irin na ɗan akuya da aka taka. Ya saurara. Sai kwaɗi a magudanar ruwa. Ya ƙarasa sauran biyun.

Ya ɗauraye, ya zuba sabon ruwa, ya tayar da janareta. Ya jingina nasa mai ran da na farko, ya maƙala wayoyin caja masu baki irin na kada, ja da baƙa. Ya juya maɓalli kan shida. Gilashin na'urar ya kawo haske kore, lamba ta fara hawa a hankali. Daga wani ƙauye can nesa aka kira magariba. Ya ce bari ya ga lambar ta zauna tukuna.

Kwaɗin suka yi shiru, duka lokaci ɗaya.

Janareta ya yi tari sau biyu ya mutu. Mode ya juya zai ja igiya, sai ya lura gilashin cajar bai mutu ba. Hasken na nan. Ya ma ƙara ƙarfi.

Wari ya sauya. Ba na ƙwai ba ne yanzu, na gashi ne da ya ƙone.

"Sannu da aiki, mai gyara."

Mace ce, tsaye a bakin rumfa. Bai ji takunta ba. Doguwa ce, sai da ta sunkuya kanta bai taɓa jinka ba, ta lulluɓe da baƙin zane. Tana rungume da wani abu a ƙunshe. Ruwa na ɗiga daga ƙunshin, duk inda ɗigon ya faɗi ƙasa na yin cuuu.

Ya so ya yi addu'a. Bai tuna ko ɗaya ba.

Ta tsuguna gabansa, gwiwoyinta suka wuce kafaɗunta. Ta buɗe gefen zanen. Mode ya ga ɗan hannu, bai fi cokali ba, fatar ta saɓule. Yatsun sun yi yawa. Ya kau da kai.

"Ɗiyata ta. Wasa takai bakin ƙofa."

Muryar ba ta da fushi. Da ta yi fushi da ya fi masa sauƙi.

Ta ce ta ji abin da ya gaya wa mai gonar. Ta ji da kunnenta, matacce na tashi in an jingina masa mai rai.

Mode ya ce batir yake nufi. Ya ce bai sani ba, wallahi bai sani ba. Ya jawo nasa mai ran, ya tura gabanta. Ta ɗora yatsa ɗaya a kansa. Batirin ya kumbura, ya yi ƙara kamar an taka busasshiyar ƙwarya, ya lotse. Ƙunshin bai motsa ba.

"Wanga ba rai na ba," in ji ta.

Ta cire baƙar waya daga batir, ta cusa bakin cikin zanen, ta maƙala a wani wuri. Ta cire jar, ta miƙo masa.

Ya dubi ƙofa. Inuwarta ta cika ta.

Ta kai hannu kan maɓallin za ta murɗa shi har ƙarshe. Nan ne shekara ashirin na sana'a suka yi magana a bakinsa kafin tsoro ya hana.

"Kak ki taɓa. In kin ba ƙarami wuta da yawa, fashewa shikai."

Hannun ya tsaya.

"Ɗiya ƙarama ta. Shida ta ka ɗauka. Bar shi inda shike."

Ta daɗe tana kallonsa. Bai ga idanu ba, ya dai ji su. Sannan ta janye hannun.

Ya miƙa mata hannun hagu. Na dama da shi yake ci.

Bakin wayar ya ciji tsokar da ke tsakanin babban yatsa da manuni.

Ba zafi ya ji ba. Sanyi ne. Ya shiga ta yatsu, kamar ya tsoma hannu a ruwan dam da asuba. Lamba ta nuna ɗaya.

Sanyin ya kai wuyan hannu. Biyu.

Yana jin ana zuƙarsa, a hankali, yadda jariri ke zuƙa.

"Wa yan nuna maka wurin?" ta tambaya a raɗe.

Ya kafa wa lambar ido.

Ta ce shekara uku mai gonar na neman wanda zai zuba musu wani abu don su tashi ya shuka kusurwar. Ya aiko mutum da kananzir, mutumin ya ƙi. Ya aiko wani da maganin feshi, ya zo ya duba ya koma. Shi kansa bai taɓa yarda ya zuba da hannunsa ba.

Uku. Gwiwar hannu ta mutu.

Mode ya tuna haɓar da aka yi nuni da ita. Ya tuna saurin hawa babur.

"Tambari," ya ce.

Huɗu.

Sanyin ya hau dantse. Numfashinsa ya fara gajarta.

Biyar. Kafaɗa. Daga nan sai ƙirji, ya sani.

Ƙunshin ya motsa.

Wani abu a ciki ya ja iska, ya yi atishawa.

Shida.

Na'urar ta yi ƙit, ta yanke. Hasken ya mutu.

Bakin wayar ya saki da kansa. Matar ta sunkuya kan ƙunshin tana wani irin gunaguni, inuwarta ta kauce daga ƙofa kamar taki ɗaya. Mode ya bi ta wannan taki da rarrafe, hannu ɗaya na jan ƙasa.

Bai nufi babur ba, ba shi da hannun da zai kama kuloci. Ya bi gefen magudanar ruwa da gudu, takalmi ɗaya ya fita. Muryar ta biyo shi, ba da ƙarfi ba, daidai kunnensa kamar tana goye a bayansa.

"Rabin rai kab ba ta, mai gyara. Ido ɗaya tab buɗe. Gobe war haka ina nan. Ko kai, ko wanda yan nuna maka."

Wani mai amalanken shanu ne ya tsince shi a bakin titi ya kai shi gida. Matarsa Habi ta gasa hannun da ruwan ɗumi, ta shafa man shanu, ta kira liman ya yi tofi. Ta tambaye shi abin da ya faru sau uku. Ya ce faɗuwa ya yi. Hannun bai dawo ba, har yau. Ba ya ciwo, ba ya ruɓewa, yana nan dai rataye, ko a tsakiyar bazara in ka taɓa shi sai ka ji kamar randa. Mode bai ƙara karɓar mataccen batir ba. Wanda ya kawo, sai ya ce masa ya sayi sabo.

Washegarin wannan daren da sassafe ya sa riga, ya cusa hannun cikin aljihu, ya nemi ɗan acaɓa ya sauke shi a gonar. Rana ta fito, kwaɗi sun koma kukansu. Babur na nan inda ya bar shi. Cajar na zaune a tsakiyar rumfa, an naɗe wayoyinta tsaf an ɗora a kai, ba irin naɗinsa ba. Ya warware su, ya maƙala a batir na farko yadda mai zuwa zai ga kamar aiki ake. Ya tsuguna ya dubi maɓallin. Yana kan shida.

Ya murɗa shi har inda ya daina juyawa.

Daga nan ya sa aka kai shi ƙofar gidan Tambari. Ya same shi kan tabarma yana shan kunu. Tambari ya dube shi sama da ƙasa, idonsa ya tsaya kan aljihun, sannan ya tambaya ko an zuba ruwan inda ya nuna.

"An zuba, Yaya."

"Ba ka ga komi ba?"

"Mi zan gani?"

Tambari ya yi murmushi, irin wanda Mode bai gani a fuskarsa ba tun ranar rabon fili. Ya tambayi batura.

Mode ya ce suna shan wuta, yini guda suke buƙata, kada kowa ya taɓa su kafin rana ta faɗi. Shi yana da aiki a Rabah, ba zai samu dawowa ba.

"Da magariba ka tai ka cire wayoyin da kanka. Ka fara kama jar wayar."

Ya juya ya hau bayan ɗan acaɓa, ya ce a kai shi gida.