Muryar Yaya a Bakin Ƙofa

Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, kaji sun shige akurki, Auta tana kan keken ɗinki tana fama da wuyan wata riga da ya ƙi zama. Sunan Auta ya bi ta har furfura ta fara leƙo mata, don ita ce ta ƙarshe a ɗakinsu, kuma su biyu kaɗai suka rayu, ita da Yaya. A wannan ɗaki na gefen tsakar gida suka yi shekara da shekaru suna sana'a ɗaya, Yaya na yanka, Auta na ɗinki. Yaya bahaguwa ce, tana da almakashinta mai baƙar ƙota wanda ba ya ci a hannun kowa sai nata. Da ciwon ƙirji ya ɗauke ta, ta bar wa Auta almakashin, ta kuma bar mata 'yarta, budurwa mai shiru-shiru da ake kira Kurciya.

Auta ba ta yi kuka ba. Ranar da aka fita da gawar ma ɗakin ɗinki ta shiga, ta goge teburin yanka, ta mayar da alli da abin awo inda Yaya ke ajiye su. Masu ta'aziyya suka ce kai, mace mai tawakkali. Tawakkalin me? Ba ta yarda ba ne kawai. Duk wanda ya ce "marigayiya" a gabanta sai ta tashi ta bar masa wurin.

To, a wannan magaribar, ƙafarta na kan keke, idonta na kan allura, sai aka yi gyaran murya a bakin ƙofa.

"Ke Auta, har yanzu wuyan nan ne? Ai kin ja shi da yawa."

Duk mai ɗinki ya san ba a ɗaga ido daga allura ana tsakiyar layi. Haka suka saba tun suna 'yan mata: Yaya ta yi magana daga ƙofa, Auta ta amsa kanta a sunkuye. Sabo turken wawa. Bakinta ya riga hankalinta.

"To shigo mana ki gyara, Yaya, kin tsaya a ƙofa kamar baƙuwa."

Sai da ta kai ƙarshen layin sannan ƙafarta ta tsaya cak. Ta ɗago kai a hankali. Labulen ƙofa yana lilo kamar an ɗaga an saki, alhali ko ganye ba ya motsi a waje. Ɗakin ya ɗauki sanyi. A kan teburin yanka, almakashin ya buɗe bakinsa shi kaɗai, ya rufe.

Da wata ce, da ta fita da gudu tana salati. Auta ba ta gaya wa kowa ba, ko mijinta. Da gari ya waye ta tarar da yadin da ta bari a tebur an yanka shi tsaf, yankan hagu, har da ɗan tsagin da Yaya ke yi a kafaɗa don ta gane gaba da baya. Ta ɗauka ta sa a fuska ta daɗe a tsaye. Ba jahila ba ce, ta san wanda ƙasa ta rufe ba ya dawowa yankan riga. Amma kewa ta ci ƙarfinta. Daga ranar, duk magariba sai ta ajiye yadi a tebur, ta hau keke, ta sunkuyar da kai, muryar ta zo. Ta tsokane ta kan rowar zare, ta tuna mata ranar da suka ƙona zanen uwarsu da dutsen guga suka ɗora wa akuya laifi. Auta ta yi ta dariya ita kaɗai a ɗaki, ba ta taɓa ɗagowa ba, don ta san abin da za ta gani: ba komai.

Mijinta makaniki ne, mutum mai sauƙin kai. Da ya dawo wata rana ya ji matarsa na hira da bango, sai ya samo kwaɗo ya garƙame ɗakin, ya jefa makullin a aljihu.

Ran nan aka fara jifa. Ana idar da sallar magariba dutse ya sauka a kan kwanon rufi kamar an harba bindiga. Wani ya biyo, wani ya biyo, har gidan ya zama kamar ana ruwan ƙanƙara. Makanikin ya fito da ƙarfen ɗaga taya yana zagin 'ya'yan maƙwabta, sai wani dutse ya taso daga cikin tsakar gidan, ba daga waje ba, ya fasa masa goshi. Jini ya rufe masa ido. Da Auta ta ɗauki dutsen, zafi ne da shi kamar an ciro daga murhu. Randa ta tsage biyu, ruwa ya malale. Daga cikin ɗakin da ke kulle kuwa ana jin ƙaras, ƙaras, ƙaras, ba ƙaƙƙautawa. Da aka buɗe da safe, duk yadin mutane ya zama tsumma, an yi masa filla-filla.

Haka aka yi ta yi, kullum da faɗuwar rana. Maƙwabta suka daina aiko yara karɓar ɗinki. Kurciya ta daina cin abinci, ta rame, idanunta suka faɗa. Auta na ganin haka, amma tsakaninta da Allah, abin da ya fi damunta shi ne ta kwana biyu ba ta ji muryar ba.

Sai wata magariba aka nemi Kurciya aka rasa. Da aka duba ɗakin ɗinki, kwaɗon yana ƙasa, a murɗe kamar an matse gwangwani. Tana tsaye gaban teburin yanka, almakashin na hannunta na hagu, ita da ko cokali ba ta iya riƙewa da hagu ba. Ta riga ta datse kitsonta, yana zube a ƙasa. Yanzu rigar jikinta take yankawa daga wuya zuwa ƙasa, kuma bakin almakashin yana haɗawa da fata. Jini ya jiƙa gaban rigar, yana ɗiga kan yatsun ƙafarta.

Makanikin ya yi kukan kura ya riƙo hannunta. Yarinyar da iska ke iya kayarwa ta ɗaga ƙaton mutum da hannu ɗaya ta maka shi da bango. Aka ji ƙashin kafaɗarsa ya ce ƙas. Sannan ta juyo ta dubi Auta da idanun da suka juye sai fari, ta buɗe baki.

"Ke Auta, kin bari an kulle ni? Ni?"

Muryar Yaya ce, ba ragi ba ƙari. Auta ta durƙusa a bakin ƙofa, ta sunkuyar da kai.

Maƙwabta ne suka ɗauko Malam, wani tsoho ɗan firit mai tabarau da aka ɗaure ƙafarsa da zare. Bai yi gaggawa ba. Ya cire takalmi, ya zauna a kan tabarma daf da ƙofa, ya fara karatu da murya ƙasa-ƙasa. Kurciya ta yi ƙara wadda ta sa karnukan unguwa haushi. Ta ɗaga kan keken ɗinki, ƙarfe zalla, ta wurgo masa. Ya wuce ta gefen kunnensa ya farfasa ƙyauren ƙofa. Malam bai ko kau da kai ba, sai ma ya ɗaga murya. Ta yi ta buga goshinta da tebur har ya kumbura, tana birgima, tana yagar labule da haƙora, maza huɗu sun kasa danne ta. Can sai ta zauna daram, ta tanƙwashe ƙafa, wata murya mai kauri ta fito daga ƙirjinta, irin ta tsohon da ya daɗe bai yi magana ba.

"Ya isa, tsoho. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai, kuma me ka zo yi gidan mutane?" in ji Malam.

"Gidan mutane? Ina cikin rufin ɗakin nan tun kafin su kawo kekensu. Ina jin su, ina jin daɗin hirarsu. Babbar ba ta taɓa sa almakashi a yadi ba sai ta ambaci sunan Allah, don haka ban taɓa sauka ba. Da ta tafi ɗakin ya yi shiru. Na riƙe muryarta duka, har tarinta. Na gwada sau ɗaya daga bakin ƙofa, aka ce in shigo. Tambaye ta in ƙarya nake."

Malam ya juyo ya dubi Auta ta saman tabarau. "'Yata, ba a ɓoye wa mai wanka cibiya. Haka ne?"

Ta gyaɗa kai, ba ta ɗago ba.

"To ga sulhu," in ji muryar. "A bar mini magariba kawai, da maƙogwaron yarinyar nan. Ba jifa, ba ɓarna. Ita kuma ta riƙa jin 'yar'uwarta har ta mutu. Wa ya yi asara?"

"Yarinyar," in ji Malam. "Ba za ta kai baɗi ba a hannunka." Ya sassauta murya ya ce da Auta, "Zan iya ci gaba da karatu har ya ƙone, amma jikin da yake ciki ba zai jure ba. Bakin da ya ce shigo, shi zai ce fita."

Nan take hannun hagun Kurciya ya ɗaga almakashin, ya kafa tsininsa a maƙogwaronta. Muryar ta sauya, ta yi laushi, ta zama wadda ta goyi Auta a baya, wadda ta yi mata waƙa ranar da uwarsu ta rasu.

"Auta. Autar Inna. Ni za ki kora? Sanyi nake ji a can, ba kowa. Wa gare ni in ba ke ba?"

Auta ta so muryar nan fiye da numfashinta. Tana durƙushe, kanta a ƙasa yadda ta saba, kuma muddin kanta na ƙasa, Yaya ce ke tsaye a ɗakin. Sai wani ɗigo ya faɗo a kan siminti kusa da hannunta, ja wur. Wani ya biyo.

Ta ɗago kai.

Ba Yaya a ɗakin. Yarinya ce kawai, mai kumburarren goshi da guntun gashi, tsinin ƙarfe ya fara nutsewa a wuyanta, hawaye na gangarowa daga fararen idanun da ba ta da iko da su.

"Yayata ko ƙaya ce ta soki yarinyar nan ba ta iya barci," in ji Auta. "Kai ba ita ba ne. Fita."

"Auta..."

"Na ce fita! Fita daga 'yata, fita daga ɗakina!"

Muryar mai kauri ta dawo, a fusace. "Zan fita. Amma abin da na kawo da shi zan tafi, har da wanda ke cikin kunnenki. Kada ki neme shi."

Malam ya ɗaga karatu. Jikin Kurciya ya sandare, ya lanƙwashe baya kamar zai karye, almakashin ya rabu biyu ya faɗi. Ta yi atishawa mai ƙarfi, wata iska ta ɗaga kwano ɗaya na rufin ta yi gaba da shi, sannan komai ya lafa. Yarinyar ta sulale. Auta ta tare ta, ta danna gefen zanenta a kan raunin wuyan har jinin ya tsaya.

"Inna," in ji Kurciya da ƙyar, da 'yar siririyar muryarta. "Ƙishi nake ji."

Aka ba ta ruwa, aka ɗaure wa makanikin kafaɗa, Malam ya sa takalminsa, maƙwabta suka watse. Auta tana zaune da kan yarinyar a cinyarta, sai ta laluba cikin ranta don ta ji yadda Yaya ke kiranta. Ga fuskar, ga wushiryar, ga hannun hagun da alli ya yi wa fari. Ga kalmomin ma, tana iya jera su ɗaya bayan ɗaya. Amma sautin babu. Ta sake nema, ta rufe ido, ta toshe kunne. Shiru, kamar ɗakin da aka kwashe kaya.

Kukan da ta fasa ya tsallake katanga ya kai ƙarshen layi. Matan da suka koma gida yanzun nan suka sake fitowa da gudu, mayafi a hannu, suna salati, sun ɗauka yarinyar ce ta cika. Suka tarar da Kurciya da ranta, ta rungume Innarta su biyu suna rusa kuka.

"Subhanallahi! Auta, lafiya? Wa ya rasu?"

"Yayata," in ji Auta. "Yayata ce ta rasu."