Sanyin Babur ɗin Ilu

Yau wata huɗu ke nan babu Yaya Ilu. Babur ɗinsa kaɗai ya rage, ga shi can a zaure an rufe da buhu. Ɗazu na ga wani a cikinku yana wasa da shi. Ku matso ku ji, kuma kada wanda ya yi mini dariya, don har yanzu raina a ɓace yake.

Ilu lambu yake yi a fadama. Kullum da asuba yake yankan latas ya nufi kasuwar gari, don in rana ta taɓa latas ya yi yaushi, ba mai kallonsa. Babur ɗin kuwa tsoho ne, mai kafireta. In sanyi ya shigo sai ya koma jaki. A ja cok ya tashi, a mayar ya mutu. A murɗa totur ya yi tari ya shaƙe.

Ɗan'azumi bakanike ya gaya masa gaskiya. Ya ce wata 'yar kafa ce a cikin kafireta ta toshe da datti, ita ke ba injin mai in yana silo, wato yana kunne a tsaye. A kwance a wanke, a duba fulogi, a riƙa ba shi ɗan lokaci ya ɗumama. Aikin yini ɗaya ne. Ilu ya ce ba shi da yinin bayarwa, latas ba ya jira. Sai ya ɓullo da tasa dabarar: ya cika filas da tafasasshen ruwa, ya riƙa kwarara wa injin.

Inna ta hana har ta gaji. Ta ce in ya zama dole, ya yi bisimilla ya ɗan dakata kafin ruwan ya taɓa ƙasa, don ƙasa ba tamu ba ce mu kaɗai. Akwai masu kwantar da 'ya'yansu inda ido ba ya gani. Ilu ya ce to. Kun dai san irin "to" ɗinsa.

Ran wata Laraba ya gama ɗaure kwanduna a gindin giginyar bakin lambu. Gari bai waye ba. Babur ya huce sarai. Ya buga kik ya fi sau goma, na ƙarshe ya dawo ya doke shi a ƙwauri. Ya fizgo filas. Abin da ya fito daga bakinsa ashar ne.

Ruwa ya sauka ƙasa. Wani abu ya yi ƙara a ƙarƙashin babur, siririya, kamar ta ɗan akuya sabon haihuwa. Kwaɗin fadama duka suka yi shiru.

Da ya ɗago, ga mutum tsaye. Dogo, lulluɓe da bargo, rungume da wani abu a ƙirji. Bai yi sallama ba. Leɓensa ya motsa ya rufe, sannan muryar ta iso, kuma daga bayan Ilu ta fito.

"Mai babur. Ka ƙona mini yaro."

"Wane yaro?"

"Barci yake a nan. Ba ka sanar ba. Ba shi haƙuri."

Wallahi abin da aka nema ke nan. Haƙuri kawai. Amma ƙwauri na zugi, gabas ta fara ja, zuciya ta riga hankali.

"Malam, wa ya ce ku shimfiɗa yaro a kan hanya? Matsa mini, na makara."

Mutumin bai matsa ba. Ya tsuguna. A nan tocilan Ilu ta haske ƙafafunsa: dunduniya a gaba, yatsu a baya, kuma ciyawar da ya taka ko lanƙwasa ba ta yi ba. Ya kafa baki a jikin kafireta ya hura sau ɗaya. Babur ya tashi da kansa, ya zauna a silo lafiya lau kamar sabo.

"Sanyi ne ke damunsa, ko? Daga yau ya daina ji. Sai dai sanyi ba ya ɓata, gida yake canjawa."

Ilu ya haye ya tsere. Ya riga kowa isa kasuwa, ya sayar da latas tas. Yana kwance igiya haƙoransa suka fara haɗuwa.

Bai ƙara ɗumi ba. An kai shi asibiti, suka ce ba su ga komai ba. An yi rubutu, an yi hayaƙi. Bazara ta shigo, mutane na kwana a waje saboda zafi, shi yana cikin bargo uku da kaskon garwashi a gabansa. A nan ya riƙe hannuna ya ba ni labarin nan, tafinsa kamar ƙanƙara. Ya roƙe mu mu kai shi gindin giginyar. Asuba uku muna ɗaukarsa a amalanke, yana kwance yana cewa a yi haƙuri, a yi haƙuri. Ba wanda ya fito. A rana ta huɗu ya cika.

Ina jin haushinsa, ban ɓoye muku ba. Yini ɗaya wajen bakanike ya gagare shi, kalma ɗaya ta gagare shi, ya bar Inna da kuka. Babur ɗin kuwa ko ɗigon mai babu a tankinsa, amma jiya da asuba na taɓa injin na ji shi da ɗumi. Ɗan'azumi ya ce ko da sukudireba ba zai taɓa shi ba.

Don haka kada na ƙara ganin hannun kowa a kansa. Kada ku zubar da ruwan zafi ba bisimilla. Hanyar giginya kuma, kafin rana ta fito, kada wanda ya bi ta shi kaɗai.

Ku ɗaga hannu. Allah Ya yafe wa Ilu zafin zuciyarsa, Ya cire masa sanyin nan a inda yake kwance. Ku ce amin.