Jan Biron Rauda

A bakin kanal ɗin ban-ruwa na Kadawa Rauda ta fara ganinsa, tana jiran motar Kura, inda take koyar da Turanci. Yana tsaye cikin gonar tumatir, laka har gwiwa, yana rera Turanci kamar mai tilawa. Da ta kasa kunne, ashe labarin tafiya Landan ne a jirgin sama.

"Malam, yaushe ka dawo daga Landan?"

Mudassiru ya sosa ƙeya. "Ban taɓa wuce Zariya ba. Insha'i nake haddacewa, sau biyu Turanci yana hana ni shiga jami'a."

Tun daga ranar zukata suka kamu. Amma da ya tura magabatansa, mahaifinta Alhaji Sammani ya ce sam, ga Jamaluddeen ɗan ƙanwarsa mai digiri yana jira. Da ƙyar ya sassauto: in Mudassiru ya sake faɗuwa Turanci bana, a rufe maganar.

Mudassiru ya nemi ta gwada shi, ta ba shi tambaya, ya juye mata haddarsa mafi tsada. Takardar ta dawo jawur da biro. Gogan naka ya yi zuciya, ya daina kira, sai saƙo:

"Hasken idona, ko maƙiyina ba zai yi min haka ba. In Jamaluddeen kike so, ki faɗa."

Sai da ta share hawaye ta amsa:

"Abin ƙaunata, na taɓa zuwa aikin duba takardun jarrabawa. Abu huɗu ake ba wa maki: amsa abin da aka tambaya, tsari, sarrafa harshe, da ƙarancin kuskure. Na tambaye ka matsalar garinku, ka tafi Landan. Komai daɗin hadda, in ta bar tambaya ta tashi a banza. Gara in ɓata maka rai yau da in rasa ka."

Washegari ya zo da kansa, kai a sunkuye. "To me zan rubuta? Ni ban san komai ba sai ruwa da tumatir."

"Shi za ka rubuta mana!"

Ranar jarrabawa aka ce a ba da labarin wata rigima da yadda aka sasanta ta. Haddar ta taso masa har maƙogwaro, ya haɗiye ta. Da ɗan Turancinsa ya rubuta yadda manoman ƙarshen kanal suka kusa ba hammata iska da na farko a kan ruwa, har dattawa suka raba musu kwanakin ban-ruwa.

Da sakamako ya fito ya turo:

"C6 ne kawai, ki yi haƙuri."

"Ya ishe mu ɗaurin aure, angona."

Alhaji Sammani ya daɗe yana kallon takardar sakamakon, sannan ya yi murmushi. "Da ƙyar ka sha, yaro, amma ka sha. Na ba ka."

Bayan an cire tumatir aka ɗaura auren, Kura ta cika maƙil. Allah Ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka.