Hoton Bangon Faifai

"Ina zobenka?"

Earline ba ta ɗaga murya ba, don 'yarsu Lula na barci a kafaɗarta, amma idonta na kan yatsan mijinta.

Cleotis ya cusa hannu a aljihu. "Zumata, saurara..."

"Riƙe zumarka! Ina zoben?"

"Verdell ce ta ce in cire don hoton bangon faifai. Wai 'yammata ba sa sayen waƙar mai aure."

Verdell! 'Yar mai kamfanin faifan, mai jan farcen nan da ke gyara masa kwala ko ba ta karkace ba. Shekara shida Earline na goge masa riguna yana zagaye gidajen rawar birnin Memphis yana waƙa, mamarta na yi mata gorin ta auri mijin kowa.

"Hoto kawai?"

Ya sunkuyar da kai. "Da rangadi. Chicago, Detroit... wata huɗu. A can za a ce ba ni da kowa."

"Ita ma za ta?"

Ya kau da kai.

"To Lula fa? 'Yar maƙwabta ce?"

Aka danna hon ɗin mota a waje, Verdell ta ƙwala kira. "Cleo, zo mana! Mai hoto na jira!"

Earline ta haɗiye kuka. "Je ka. Muryarka ta isa duniya ta ji, ni ce shaida. Amma ba zan koya wa 'yata kiran ubanta kawu ba."

Sai Cleotis ya zaro zoben daga aljihu ya mayar a yatsa, ya karɓi Lula, ya ja hannun Earline zuwa baranda.

"Verdell, ga matata, ga 'yata. In hoto ne, da su za a yi."

Verdell ta leƙo daga mota. "Ka san abin da ka zubar kuwa?"

"Na san abin da na riƙe."

Motar ta tafi ta bar musu hayaƙi.

Kwafi ɗari uku aka buga na faifan, rediyo bai taɓa sa shi ba. Cleotis ya kama aiki a masana'antar taya.

Sai dai ranar Lahadi, in ya ja murya a coci, mata sukan manta da mafici a hannunsu. Earline kuwa tana benci na gaba, tana bin su da harara ɗaya bayan ɗaya.

"Har a ɗakin Ubangiji, zumata?"

"Nan ma fa da idonsu suke zuwa."