Sai Injin Ya Kwana

Ta tagar kicin Auta ta fara ganinsa. Ya sunkuya cikin injin a-kori-kurar Baba, ya kafa tsinin doguwar sukundireba a jikin ƙarfe, ya manna mariƙin a kunne, idonsa a rufe. Ita da ko baƙo aka yi ɗaki take shigewa, ranar har ruwan da ta ɗora ya ƙafe tana kallo.

Motar ce ke ci da gidan, da ita Baba ke dakon kiret-kiret na ƙwai zuwa shaguna. Sai ta tsiri wata ƙara, kas-kas-kas, da an tashe ta da safe, amma kafin a kai ta gareji ta yi tsit. Shi ya sa bakaniken ya biyo ta gida.

Ya ɗago ya ce, "Baba, an tashe ta kafin in zo?"

"Ɗumama maka ita na yi."

"Ai da sanyinta nake son ji. Don Allah gobe kar a taɓa ta."

"Yaro, tun ba a haife ka ba nake ɗumama mota. Amma na ji."

Bai ji ba. Baba in ya idar da salla, hannunsa da kansa yake zuwa kan makulli. Haka bakanike ya yi ta sintiri, kullum ya tarar da inji da zafi.

Da yake Baba ba ya duba saƙo, lambar Auta aka ba shi.

"Salam. A tuna wa Baba, kar ya tashi motar."

"Na tuna masa. Ya ce wai ni ma na zama bakanike."

"Ai kin kusa, Mai Taga. Kullum kina ajin safe."

Ta kifa wayar a katifa, kunya kamar ta nutse. Ashe yana ganinta. Daga nan hira ta wuce zancen mota, har ta san ba ya karyawa kafin ya fito.

Yayanta ne ya ɓata lamarin, shi da ke yi wa abokinsa mai shagon waya kamun ƙafa a wajenta. Ya ce, "Baba, mota ce ko rediyo, da za a yi ta saurare? Ba inji yake zuwa ji ba."

Washegari Baba ya tare bakaniken a tsakar gida. "Ka mayar da ni sakarai ko? Kana jan aiki don ka riƙa leƙen 'yata."

Bakanike ya ajiye jakar kayansa. "Wallahi Baba ba don 'yarka nake zuwa ba. Mota ce ta kawo ni."

"To gobe ne na ƙarshe. In ba ka gano ba, kar ka ƙara taka ƙofar nan."

Auta tana bayan labule. Ta rasa wa ya fi ƙona mata rai, Baba da ya mai da mutum macuci, ko shi da ya iya rantsewa haka ko gargada babu.

Saƙonsa ya shigo: "Mai Taga, kin ji abin da ya faru?"

"Na ji. Tunda ni ba mota ba ce, ka daina turo min saƙo."

Bai daina ba, ita kuwa ba ta buɗe ba. Amma fushinta daban, zalunci daban. Da safe, Baba na salla, ta zare makullin daga ƙusar bango ta damƙe a hannu.

Gida ya kaure. Aka ɗaga tabarma, aka zazzage aljihu, Baba na faɗa, Yaya na laluben ƙarƙashin kujera. Ana cikin haka bakanike ya yi sallama. Ya ɗora tafinsa a bonet, ya ji sanyi ƙalau.

Sannan Auta ta fito. "Ga shi, Baba. Ni na ɗauke. Kullum kai ke ɗumama ta, kuma a ce shi ne macuci. Ba a kyauta ba."

Baba ya zuba mata ido, don bai taɓa jin ta yi magana mai tsawon haka ba. Ya karɓa ya murɗa. Kas-kas-kas.

Bakanike ya bi da sukundireba har gefen injin, ya nuna wani baƙin tabo na hayaƙi. "Nan ne, inda bakin salansa ya haɗu da inji. Noti ɗaya ya karye, gasket ɗin da ke liƙe mahaɗar ya ƙone, hayaƙi na tsirtowa. Da ƙarfen ya yi zafi sai ya kumbura ya toshe kafar."

Kafin rana ta take ya gama. Ya tattara kayansa ya fita, ko tagar bai kalla ba. Auta ta wanke kwanukan da ta riga ta wanke, tana ƙwafa.

Ranar hutu da yamma sai ga shi da fararen kaya, kawunsa a gaba. Baba ya haɗe rai. "Ba kai ka rantse ba?"

"Na rantse, kuma gaskiya na faɗa. Ba na shiga gidan mutum da sifana a hannu, wata magana a ciki. Aiki ya ƙare, Baba. Yau ita ta kawo ni."

Baba ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ɗaga murya. "Auta, me kika ce?"

Daga bayan labule ta ce, "Ni fushi nake da shi."

"Ba wannan na tambaye ki ba."

"Duk yadda ka ce, Baba."

"Yau kuma?" in ji Baba. Har kawun sai da ya yi dariya.

Ranar da za a kai ta, Baba ya riƙe hannun angon. "Shiru gare ta, amma in ta ga ba daidai ba, ko ni ba ta bari. Ka riƙe min ita."

"Da hannu biyu, Baba."

"Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya."

A cikin mayafi Auta ta ce amin a hankali, tana share ido.